Lambun ya yi kyau, amma ba a nan za mu yi kamun ba

Duk wanda ya san Jos a watan Disamba ya san yadda gari ke komawa. Ciyawa ta bushe, hazo ya lulluɓe duwatsu, tun la'asar kowa ya nemi rigar sanyi. Shi ya sa da aka ba ni shawarar wani lambun furanni a wajajen Rayfield don kamun ƙanwata, na dage sai na je da ƙafata a cikin hunturun nan. Bikin tsakiyar Janairu ne, hotunan da suke sawa a Instagram kuwa duk na damina ne.

Wallahi muna shiga na ji raina ya yi fari. Ciyawa kore shar, an aske ta tsaf, ga wardi ja da fari sun buɗe a gefen hanya. Suna da rijiyar burtsatse, safe da yamma ake ban ruwa, ga bishiyoyin turare a jere ta arewa da gabas suna rage ƙarfin iska. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, sanyin da muke kuka da shi shi ne wardi ke so. Umma da ba ta cika yabon abu ba ta tsaya ta ce, "Ma sha Allah, nan ya yi." Ni kuwa har na fara hango ƙawayen amarya cikin anko a kan ciyawar.

Manajan ya faɗi kuɗi, kun dai san yadda wuraren biki suke a wannan lokacin, ban yi gardama ba. Ya ce a ba da rabi kafin alƙalami, na ce bari mu ƙara zagayawa tukuna. A can ƙasa muka tarar da wani dattijo yana gyara shuke-shuke. Bayan mun gaisa ya ce, "Hajiya, wane ɓangaren kuka kama, na sama ko na ƙasa?" Na ce, "Baba, ai duka lambun ne." Ya yi shiru, sannan ya ce ranar Asabar ɗin da na ambata akwai masu liyafa a ɓangaren sama, sun daɗe da biya.

Abin da ya raba ɓangarorin biyu shingen fulawa ne da bai wuce ƙugu ba. Kamu taron mata ne. Gwaggonninmu za su zo, matan aure za su ajiye mayafi su yi rawa, amarya za ta fito cikin kwalliya, sannan a ce maza baƙi suna tsaye a tsallaken shinge da wayoyi a hannu? Ƙofar shiga ɗaya, banɗaki ɗaya, kiɗa biyu na tashi lokaci guda. Da na koma ofis na tambayi manajan, ko a jikinsa, ya ce haka suke yi kullum, in muna son wurin mu kaɗai sai mu biya na ɓangare biyu a wata ranar. Raba wurin bai ƙona min rai kamar ɓoyewar ba. Mun zauna da mutumin nan, na faɗa masa taron mata ne, yana jina, bai ce uffan ba sai lambar asusu da ya miƙo.

Daga nan ne sauran abubuwan da na kau da kai a kansu suka dawo min. Wurin alwala famfo ɗaya ne a bayan ɗakin janareta, ruwan kamar ƙanƙara, babu kuma inda mata za su keɓe su yi sallah. Ƙarfe biyar na yi iska ta taso duk da bishiyoyin, Umma ta koma mota tana tari. Dangin ango daga Kano za su zo da tsofaffinsu, ba su saba da sanyin Filato ba.

Don hoton kafin biki, ko ɗan zama da hantsi zuwa azahar, zan iya komawa gobe ma, dattijon nan da abokan aikinsa sun iya aikinsu, Allah Ya saka musu. Amma duk mai son kama wurin, kafin ya tura ko sisi ya sa a rubuta masa a takarda cewa shi kaɗai ne a ranar. Mu dai mun koma neman ɗakin taro a cikin gari.