Wasiƙa daga Guangzhou kan injin askirim na tsinke

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara. Ka ce in duba maka injin askirim na tsinke kafin bazara ta kama, in kuma faɗa maka ko gara a sayo daga nan ƙasar Sin, ko a nemi na Turai, ko a ba masu walda na gida su haɗa. Na rubuta amsar a buɗe domin ba kai kaɗai ke wannan tambayar ba.

Injin nan ba firiza ba ne. Tanki ne na ƙarfe cike da ruwan da ba ya daskarewa da wuri. Kwamfresa na sanyaya ruwan har ya kai digiri 20 zuwa 25 ƙasa da sifili, wani ƙaramin famfo ko farfela kuma na juya shi. Sai a cika mazubi da haɗin askirim a tsoma a ciki. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa abin da firizar gida za ta kwana tana yi, tankin nan zai gama shi cikin minti 15 zuwa 25. Saurin shi ke kawo laushi. Idan haɗi ya daskare a hankali, ƙanƙarar na yin manyan ƙwayoyi, sukari da kala su taru gefe guda, shi ne za ka ga yaro ya tsotse zoɓon leda ya bar farar ƙanƙara a hannunsa. Idan ya daskare da sauri, zaƙin na tsayawa ko'ina daidai.

Abin da ya fi cutar masu saye daga gida shi ne lambar da ake rubutawa a jikin talla. Ƙaramin injin da ya fi yawa a nan mai mazubi ɗaya ne, gurbi 40, kuma za ka ga an rubuta yana yin 3,000 a rana. Ba ƙarya suka yi ba, lissafi ne: guda 40 duk minti 20, wato 120 a awa, a ninka sau 24, ya ba da 2,880. Ke nan injin bai tsaya ba dare da rana, ba a ɗauke wuta ba, ba a wanke komai ba, kuma a ɗaki mai sanyi aka gwada. Wanda zai yi aikin awa 8 zai samu 960 ne. A zafin Afrilu na Kano, da zubi ɗaya zai iya cin minti 30, abin ya koma 640. Ba a ma cire lokacin da ruwan tankin ke ɗauka kafin ya yi sanyi da safe ba, wanda kan wuce awa guda. Don haka ka fara lissafa yawan da masu tallarka za su iya sayarwa a rana, sannan ka sayi injin da lambarsa ta ninka wannan sau uku zuwa biyar.

Zafin ne kuma ke raba inji da inji. Kayan sanyi suna da ajin yanayi da ake rubutawa a farantin bayansu: N na aiki har digiri 32, ST har 38, T har 43. Yawancin abin da ake jerewa a shagunan nan an yi shi ne don kasuwar cikin ƙasar Sin, ba don Kano ko Maraɗi ba. Amma ga alherin masana'antun Sin: in ka faɗa kafin a haɗa, za su sa maka kwandensa (abin da ke zubar da zafin inji) mafi girma da fanka biyu, ƙarin kuɗin kuma ba shi da yawa. In ba ka faɗa ba, ba wanda zai tambaye ka. Kwandensar da ta yi ƙanƙanta ba ta iya zubar da zafi, matsin gas ya hau, kwamfresa ta riƙa yankewa tana tashi har wayarta ta ƙone. Ƙurar hunturu ma haka take yi in ta toshe haƙarƙarin kwandensa, don haka a riƙa hure ta duk mako, a kuma bar wa injin rabin mita tsakaninsa da bango. Akwai masu sanyaya kwandensa da ruwa, sun fi jure zafi, amma sai mai rijiyar burtsatse da tankin sama.

Ruwan tankin iri uku ne. Gishirin miya ba ya wuce digiri 21 ƙasa da sifili komai yawan da ka zuba, kuma sai ya kai kusan kashi 23 cikin ɗari kafin ya kai nan, don haka ya isa yin ƙanƙarar bulo amma askirim yana wahala da shi. Kalsiyam kuloraid ya fi: kashi 25 cikin ɗari na jurewa har kusan digiri 29 ƙasa da sifili, yana da araha, amma yana cin ƙarfe, yana kuma da ɗaci. Ɗigo ɗaya ya faɗa cikin gurbi, wannan askirim ɗin ya lalace. Lokacin jiƙa shi ruwan na yin zafi sosai, a haɗa shi a roba daban, ya huce, sannan a zuba. Na ukun shi ne gilaikol na abinci, mai suna propylene glycol, rabi da rabi da ruwa. Ya fi tsada, yana yin kauri in ya yi sanyi sosai, amma ba ya cin ƙarfe kamar gishiri. A nan akwai tarko: ɗan uwansa ethylene glycol, wanda ake zubawa a lagireton mota, ya fi araha, yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a yarda ya shigo ɗakin da ake yin abin da yara za su sha, kowa ya ce ba komai. Duk wanda ka zaɓa, yana tsinkewa da lokaci saboda raɓar iska da ruwan da ke bin jikin mazubi. Alamar ita ce ƙanƙara ta fara kama bututun cikin tanki, zubi ya ƙara daɗewa. Mutane kan ruga kiran mai gyara ya ƙara gas, alhali ruwan ne ke son ƙari.

Mazubi shi ne abin da ya cancanci a sayo daga nan ko da a gida za a haɗa tankin. Ana matse gurabunsa ne da inji, cikinsu sumul, ƙasan ya ɗan fi saman tsukewa don askirim ya zame. Mai walda ba zai iya wannan da hannu ba, kuma duk inda ɗinkin walda ya bar kaushi, nan madara ke maƙalewa ta yi tsami. Gurbin mililita 70 zuwa 80 shi ne na kasuwa. Sitenles ɗin kuma iri-iri ne. Lamba 201 na da araha, yana sheƙi kamar kowanne, amma gishiri da tsamin zoɓo ko tsamiya na huda shi cikin lokaci kaɗan. Lamba 304 shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa, 316 kuma ya fi jure gishiri. Maganaɗisu ba ya bambance 201 da 304, domin duka biyun ba sa kama shi sosai. Akwai wani ruwan gwaji da ake sayarwa a ƙaramar kwalba a nan, a ɗiga a kan ƙarfe a ga launin da zai bayar, shi masu saye ke amfani da shi. Ka sayi mazubi biyu ko uku ga kowane mazaunin mazubi a tanki, domin ana cika ɗaya yayin da ɗaya ke cikin ruwa. Kowanne ya zo da maƙala, wato abin riƙe tsinkensa. Tsinken katako ne, tsawon milimita 93 ko 114, faɗi 10, kauri 2, kuma dole ya dace da maƙalar, in ba haka ba zai karkace ko ya zare ya bar askirim a ciki.

Wajen zubawa a bar kusan rabin santimita a sama, domin ruwa na kumbura kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare. Wajen cirewa a tsoma mazubin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, na 'yan daƙiƙu kawai, a ja maƙalar sama gaba ɗaya. Ruwan ya yi zafi, fuskar askirim ta narke ta sake daskarewa da ƙanƙara a cikin leda. Daga nan a sa a leda, a liƙe, a jefa firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili nan take.

Maganar wuta. Ƙasar Sin na kan volt 220 da 50Hz, ya yi daidai da namu, haka Turai da Dubai. Amurka da Burazil da Saudiyya kuwa 60Hz suke. Masu ɗauko tsohon inji daga Jidda su lura da wannan, domin kwamfresar 60Hz a wutarmu tana tafiya a hankali, sanyinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, tana kuma yin zafi. Manyan injina masu mazubi huɗu zuwa sama galibi wuta mai layi uku suke so. Kwamfresa na jan wuta ninki uku zuwa biyar a lokacin tashi, don haka mai doki biyu na son janareta da bai gaza 5kVA ba. A sa mata abin jinkirta tashi na minti uku zuwa biyar, saboda in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, matsin gas bai sauka ba, kafasita ce ke fara lalacewa, kwamfresa ta biyo baya.

Na Italiya wata duniya ce daban. Kamfanoni irin su Carpigiani na yankin Bologna sun shahara ne da injin kaɗa askirim na kofi, wanda wuƙaƙe ke kankare haɗin daga bangon tukunya mai sanyi suna cusa masa iska, ya fito cikin kusan minti 10. Su ma suna yin na tsinke, amma da mazubin roba mai laushi da ake kwantarwa a tire a sa cikin firiza mai hura iskar digiri 35 zuwa 40 ƙasa da sifili. Siffar na fitowa da kyau, sai dai robar na tare sanyi, aikin ya fi jinkiri, wutar ta fi yawa. Ƙarfensu da aikinsu ba na wasa ba ne, littafin inji cikakke, kuma akan samu kayan gyaran tsohon inji bayan shekaru. Kuɗin kuwa ninki ne da yawa na nan. Ga kuma gas: tun 2020 dokar Tarayyar Turai ta hana sa R404A a sababbin injinan sanyi na kasuwanci, suka koma irin su R452A da R449A da R290. Masu gyaranmu R404A da R134a da R22 suka fi samu. Wanda zai buɗe shago mai kujeru da gilashi a Abuja, na Italiya zai biya shi. Wanda zai ba yara talla a kula, ba kayansa ba ne.

Na gida fa? Masu haɗa injin ƙanƙarar bulo sun iya tanki da bututu, kuma babbar ribarsu ita ce in ya lalace wanda ya haɗa shi na nan kusa. Rauninsu uku ne da aka saba gani: kwamfresar hannu da aka ciro daga tsohon AC, wadda ba a yi ta don sanyi mai zurfi haka ba, bangon tanki siriri, maimakon kumfar tare zafi da ake tsiyayawa mai kaurin santimita 8 zuwa 10, sai rashin abin juya ruwa, wanda ke sa gefe ya daskare tsakiya na ruwa-ruwa. Duka ukun ana iya gyarawa in kai ka kawo kayan. Ni a ganina, ga mai ƙaramin jari, a sayo mazubai da kwamfresar da aka yi don sanyi mai zurfi da famfo daga nan, a haɗa tankin a gida daidai girman mazubin.

In kuwa cikakken inji za a saya, ka san cewa garantin shekara guda da suke bayarwa ma'anarsa za su aiko da kayan da ya lalace ne, kuɗin jirgi da aikin ɗaurawa naka. Al'adar biya ita ce kashi 30 a gaba, 70 kafin a loda. Kafin cikon, a sa su kunna injin da ruwa a tanki, a ga lambar sanyin a kan allo, a ɗauki hoton farantin kwamfresa da lambarta, domin akwai tsofaffin da ake fentewa a liƙa musu sunan Copeland ko Embraco. Da yawa daga masu shago a birnin nan dillalai ne, masana'antun na wajen gari, kuma dillali ba zai iya canja maka kwandensa ba. A cikin akwatin a sa ƙarin kafasita biyu, motar fanka, famfo, da ƙwaƙwalwar saita sanyi, domin ba su da nauyi, neman daidai su a gida ne wahala.

Haɗin kansa: ga kilo 10 na mai madara, ruwa kilo 6.9, garin madara mai mai kilo 1.5, sukari kilo 1.6, sai giram 30 na garin kauri irin CMC, a cuɗa shi da sukari tukuna don kada ya yi gudaji. A dafa ya kai digiri 85, a sanyaya da sauri zuwa 4, a bar shi aƙalla awa 4. Kada a taɓa tsoma haɗi mai ɗumi a tanki, yana ɗaga zafin ruwan ya ɓata zubi biyu na gaba. Na zoɓo ko mangwaro yana son sukari kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Ya gaza haka ya yi tauri, ya wuce ya ƙi daskarewa ya yi danƙo a leda. Kunun aya na kwanciya da wuri, yana kuma saurin tsami, a tace shi sosai a zuba a ranar. In za a buga suna a leda a shiga kantuna, akwai rajistar NAFDAC.

A jirgin ruwa da girman akwati ake cajin kuɗi, don haka a nemi awon akwatin katakon, ba na injin tsirara ba. A rubuta a jikinsa kada a kwantar. Daga Legas zuwa Kano kuma ba wanda zai tabbatar maka an kiyaye, saboda haka in ya iso a bar shi a tsaye awa 24 man kwamfresa ya koma mazauninsa kafin a kunna. Ka turo min girman ɗakin da irin wutar da ke gidan, layi ɗaya ce ko uku, in san wanda zan tambaya. A gaida Hajiya.