Wace na'ura za a saya idan ana son iko da ma'ajiyar aikawa ta Bluetooth?

Duk wanda zai haɗa na'urori biyu ta Bluetooth ya kamata ya duba, tun kafin ya biya kuɗi, ko na'urar za ta ba shi damar daidaita ma'ajiyar aikawa ta soket (mahaɗar da manhaja ke tura bayanai ta cikinta), wato wurin da bayanai ke jira kafin rediyo ya fitar da su. Faɗaɗa wannan ma'ajiya ba ya ƙara saurin rediyo ko kaɗan. Layin jira kawai yake tsawaitawa.

HC-05, ƙaramin allon Bluetooth, tana da araha, amma kusan ba ta da abin da za a taɓa. Yawanci tana zuwa da saurin bit 9600 a daƙiƙa a wayar UART (wayar da ke haɗa ta da na'urar da ke ba ta bayanai), wato kimanin bait 960 a daƙiƙa, kuma idan aka cika ta da bayanai fiye da abin da take iya fitarwa, wasu na iya salwanta. Ta isa ga mai aika ma'aunin zafi jefi-jefi.

ESP32 na asali, wani ƙaramin allon sarrafawa, tana da Bluetooth na gargajiya da BLE (Bluetooth mai ƙarancin cin wuta), tare da ƙwaƙwalwar SRAM ta KB 520, sai dai ESP32-C3 da ESP32-S3 BLE kaɗai suke da shi, kuma masu saye da yawa kan rasa wannan bambanci. A BLE, abin da ya fi tasiri shi ne girman fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa a lokaci guda: ATT MTU (iyakar girman saƙo ɗaya) na farko bait 23 ne, 20 kacal na bayanai, sai Bluetooth 4.2 na 2014 ya ba da damar fakiti har bait 251.

Raspberry Pi Zero 2 W, ƙaramar kwamfuta mai Linux da BlueZ (manhajar Bluetooth ta Linux), ita ce ke ba da cikakken iko. Ana sanya girman ma'ajiyar, wato SO_SNDBUF, ta umarnin setsockopt, Linux ya ninka adadin sau biyu, iyakarsa kuma saitin net.core.wmem_max na Linux ne, wanda a na'urori da dama yake bait 212992. A nan ake bukatar hankali: idan Pi tana tura umarni ga HC-05 mai saurin 9600 kuma ma'ajiyar ta cika, umarnin tsayar da inji zai iya jiran mintuna a bayan tsofaffin saƙonni.

Don haka, ga aikin sarrafa inji ko mota, ni Pi zan zaɓa in rage ma'ajiyar zuwa KB kaɗan. Ga mai tura fayil, ESP32 na asali ta wadatar, kuma ba ta cin batir kamar Pi.