Littafin diragon ɗin nan da ake ta talla, na saya kuma ga yadda muka ƙare

Masu tambayata a kan littafin nan mai hoton diragon a bango da ake ta yawo da shi a status, to na saya na karanta, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba. Ɗan yayata na saya wa, yana JSS 2, yaro ne mai son zanen dodanni. Abin ya ba ni mamaki don ba tatsuniya ba ce, marubucin cewa ya yi mun san babu wannan halitta, amma in da akwai ta ya jikinta zai kasance har ta tashi sama ta kuma fesa wuta. Wlh ni na riga yaron fara cinye shi.

Babin tashi sama ya yi kyau sosai. Ya ce matsalar ita ce nauyi yana ƙaruwa da sauri fiye da faɗin fiffike, in ka ninka tsawon dabba sau biyu fiffikenta zai ninka sau 4 amma nauyinta sau 8, shi ya sa a tsuntsayen da ke tashi yanzu da wuya a wuce kilo 18, irin babban tujen nan na gabashi da kudancin Afirka. Sai ya kawo Quetzalcoatlus, wata ƙatuwar halitta mai tashi ta zamanin da can da ta ɓace, wanda aka tono ƙashinsa a Texas ta Amurka a 1971, buɗin fuka-fukinsa kamar mita 10 zuwa 11, nauyinsa wajen kilo 200 zuwa 250, ƙasusuwansa holoƙo ne, kuma masana da dama na ganin da gaɓoɓinsa huɗu yake tunkuɗa ƙasa ya yi sama. Abin da ya fi burge ni bai yi wa diragon ɗin Turawa kara ba, ƙafa huɗu da fiffike biyu gaɓa shida kenan, alhali tsuntsu da jemage gaɓa huɗu ce gare su, duk hannayensu ne suka zama fiffike. Mafitar da ya samo ƙadangaren Draco ne na dazukan kudu maso gabashin Asiya mai buɗe haƙarƙarinsa ya sulalo daga bishiya zuwa bishiya, shi ma sulalowa ce ba tashi ba.

To sai babin wuta, wanda dama saboda shi yaron ya dame ni. Ya fara da wani ƙwaro mai suna bombardier, yana ajiye sinadari biyu a cikinsa, in an taɓa shi ya tura su wani ɗaki mai kauri su haɗu da abin da ke tayar da su, ya feso ruwa mai zafin da ya kai kusan digiri 100, a tafashe. Daga nan ya koma kan saniya, yadda tumbinta ke haɗa iskar gas mai kamawa da wuta tana fitar da ita ta gyatsa, ya ce man kenan an samu, saura abin kunnawa. Na juya shafi, jama'a, sai ga ni a babin fiffike kuma!! Daga shafi na 64 aka sake maimaita na baya, sai 81. Daidai wurin da zai faɗi yadda wutar ke kamawa da yadda bakin ba zai ƙone ba, nan ne babu.

Na yi wa mai shagon magana da ladabi na har da hotuna, na ce Hajiya don Allah a duba min. Ta karanta ta yi shiru. Da na sake tuntuɓa sai cewa ta yi haka suka zo daga kamfani, kuma kayan da aka cire leda ba a mayarwa. To Hajiya ta cikin leda zan ƙirga shafi? Ga kuɗin mota da na biya daban, ga zuwa tasha karɓo saƙo cikin ranar nan. Ko haƙuri ba ta ba ni ba, wannan ya fi kuɗin ciwo.

Yanzu ni da yaron muke ta cike gurbin da ka. Shi ya ce lantarki ne, tunda akwai kifin Kudancin Amurka da aka auna yana bugun volt 860, ga minjirya ma a ruwanmu. Ni na ce tsakuwa ce, tunda kaza na haɗiye tsakuwa a ƙundu, diragon ma ya haɗiyi dutsen ƙanƙara ya riƙa ƙyastawa. Ya ce to Kawu harshensa fa? Ban da amsa, amsar tana shafin da aka cinye mana.

Da na yi niyyar ba shi tauraro biyar, amma ina rubutun nan abin na dawo min. Takardar ma siririya ce har ana hango hoton baya, turancin ya yi wa ɗan JSS nauyi, kuma diragon ɗin China, wanda yawanci ba shi da fiffike kuma da ruwan sama ake danganta shi, layi biyu kawai aka ba shi. Uku zan bayar, ukun ma na marubuci ne ba na shago ba. Duk mai saye ya sa a buɗe masa babin wuta a bidiyo kafin ya tura kuɗi, kuma wanda nasa ya zo cikakke don Allah ya ɗauko min hoton 65 zuwa 80.