CRLF ko LF: abin da ya sa fayil ɗinka ya yi gardama bayan ya bar Windows

Wani ɗan'uwanmu mai aiki da masu hidimar alhazai a Makka ya yi tambaya jiya bayan isha'i. Ya rubuta ɗan umarni a kwamfutarsa mai Windows, wanda zai riƙa haɗa sunayen mahajjata da lambobin ɗakunansu a Aziziyya. Da ya ɗora shi a uwar garke (wato server) mai Linux sai ta ce masa "/bin/bash^M: bad interpreter". Ya duba rubutun har ya gaji, bai ga kuskure ba. Yana tambaya laifin Windows ne ko na Linux.

Malam, ko tabarau ka sa ba za ka gan shi ba, domin abin a ɓoye yake a ƙarshen kowane layi. Idan ka danna Enter a Windows, alamomi biyu take ajiyewa: CR mai lamba 13, sai LF mai lamba 10. Linux da Mac na yanzu LF kaɗai suke sawa. Tsohuwar Mac kuwa, kafin zuwan Mac OS X a 2001, CR kaɗai take sawa, amma da wuya ka gamu da irin wannan fayil yau.

Gadon injinan buga saƙo ne na da. CR ke mayar da kan bugawa farkon layi, LF kuma ta ɗaga takarda a sauka layi na gaba. Windows ta riƙe duka biyun, Unix, wadda Linux ta yi koyi da ita, ta ce ɗaya ta isa.

Daga Linux zuwa Windows yanzu abin da sauƙi. A da tsohon Notepad kan jera maka rubutun gaba ɗaya a layi guda kamar igiyar shanya, amma an gyara wannan a Windows 10 a 2018. Daga Windows zuwa Linux ne ake shan wahala. CR ɗin da ta yi ragowa sai ta manne wa kalmar ƙarshe, shi ya sa Linux ta tafi neman bash, shirin da ke karanta umarnin, amma da ^M (wato CR ɗin) a jikinsa, babu shi kuwa. Naka ma da sauƙi tunda ta yi ƙorafi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne na jerin sunayen: lambar ɗaki 412 da ke ƙarshen layi ta ɗauki CR a wutsiya, a ido 412 ce, amma umarninka ya ce babu wannan ɗaki, kuma ba abin da zai yi maka ihu.

Magani na gaggawa shi ne wani ɗan shiri mai suna dos2unix, ka ba shi sunan fayil ɗin ya share CR ɗin nan take. Yana aiki, sai dai gobe idan ka sake turo sabon kwafi daga kwamfutarka, ciwon ya dawo. Ni na fi son a gyara tun daga gida. A VS Code, manhajar rubuta umarni, dubi ƙasa ta hannun dama, za ka ga an rubuta CRLF, wato CR da LF tare, ka danna ka mayar LF. Idan ku da yawa ne kuke aiki da Git, manhajar adana canje-canjen fayiloli, ku sa layin *.sh text eol=lf a cikin fayil ɗin .gitattributes, kowa ya huta, har da wanda bai taɓa jin wannan zancen ba.

Wasu za su ce ka turo ta FTP, hanyar tura fayiloli, a yanayin ASCII, wato na rubutu zalla, ita za ta canza maka. Gaskiya ne, amma ranar da ka manta ka turo hotunan fasfo a haka, za su isa a lalace, domin za ta taɓa lambobin 10 da 13 da ke cikin hoton tana zaton ƙarshen layi ne.

Kafin ka taɓa komai, buga cat -A da sunan fayil ɗin a uwar garken. Idan ka ga ^M$ a ƙarshen layuka, to shi ne. Ka duba jerin mahajjatan ma, ba umarnin kaɗai ba.