Rumbun Gine-ginen Tarihin Alberta a Intanet

Jami'ar Calgary da ke Kanada ta tanadi rumbu a intanet wanda ke adana siffofin gine-ginen tarihi na filayen lardin Alberta na ƙasar, bayan masu bincike sun auna su da na'urar hasken leza, tun kafin gobara ko tsananin sanyi su lalata su. Abin da ya fi burge ni shi ne magudanar ruwa ta Brooks, wata hanyar ruwa da aka ɗora a kan ginshiƙai, wadda kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ya kammala a 1914 don noman rani, domin mai kallo yana iya jujjuya siffarta ya duba ginshiƙanta na kankare ta kowace fuska. Irin waɗannan siffofi suna da nauyi, saboda haka ya fi kyau a buɗe su a kwamfuta.