Kariya mai aure: furen ya burge ni, ƙasar cikin leda ta ɓata mini rai

Kariya uku na saya a wajen masu fulawa na bakin titi, irin masu auren nan, wato waɗanda aka haɗa reshen wani iri a kan gindin kariyar daji, da furensu ke fitowa ninki-ninki. Fure kam ba a magana. Da hunturu ya shigo ganye ya zube kaf, rassa suka tsaya tsirara, sai ga fure ja jawur a kan kowane reshe. Wanda bai san kariya ba zai ɗauka ta mutu ya dinga ɗura mata ruwa, alhali hutu take yi. A lokacin ban ruwa sau ɗaya a mako biyu ya isa.

Amma ƙasar da suka zuba a ledar, wannan ai zalunci ne. Laka ce tsantsa, mai riƙe ruwa. Kariya a gindinta take ajiye ruwa, shi ya sa yake kumbura, don haka in saiwa ta kwana biyu a jiƙe sai ruɓa ta kama. Ruwan damina na farko, ɗaya ta tafi: gindi ya yi laushi, ganye ya yi ɗorawa, ciki ya yi baƙi yana wari. Ta biyu da ƙyar ta tsira. Sai da aka tumɓuke ta, aka yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta har farin nama ya bayyana, aka barbaɗa toka, ta sha iska a inuwa kwana 7. Sannan aka mayar da ita tukunya mai huda, cikin yashi mai tsakuwa kashi 2, dakakken gawayi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1, rabin gindin a waje, ba ruwa sai bayan mako guda. Duk wanda ya saya ya sauya ƙasar tun ranar, ya ajiye ta inda za ta sha rana aƙalla awa 6.

Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar auren a cire shi, in ba haka ba zai rinjaya, ka koma ga furen kariyar daji mai falle ɗaya. Ruwan jikinta dafi ne, a wanke hannu bayan yanka, a nisanta ta da yara da awaki. Ko wannan ma, mai sayarwar bai faɗa ba, kuma shi ya fi ƙona mini rai fiye da wadda ta ruɓe.