Na gwada fad ɗin kabon nanotub a madadin pest, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu kenan da na goge pest ɗin da ke kan furosesan kwamfutar da muke haɗa bidiyon biki da ita a shago (pest shi ne man nan da ake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ya taimaka wajen kwashe zafi), na ɗora mata wannan ɗan fallen da ake ce wa fad na kabon nanotub, to yau dai bari in faɗi gaskiya tsakanina da Allah.

Abin ɗan falle ne baƙi siriri, tsakiyarsa alminiyom, sama da ƙasa kuma nanotub ne, wato ƴan siraran bututun kabon, tsaitsaye kamar gashin buroshi, amma ido ba ya ganinsu don silin gashin kanka ma ya fi ɗaya kauri sau dubbai. Tun 1991 wani Bajafane Sumio Iijima na kamfanin NEC ya fito da bayaninsu, kuma sili ɗaya ya fi jan ƙarfe saurin kwashe zafi nesa ba kusa ba, wannan maganar ce ma ta ja ni na saya.

To amma fa kada a ruɗe ku. Wancan a ɗakin bincike ne. Ranar da na sa shi na duba zafin injin, wallahi kusan ɗaya yake da pest mai kyau sabon shafawa, har na fara cizon yatsa don kuɗinsa ya ninka na pest, ga kuɗin kawowa daga waje. Sai da aka kwana biyu ya zauna daram, tunda sililin suna lanƙwasawa su cike ƴan ramukan da ke tsakanin furosesa da hitsink, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a kai don ya zuƙe zafi, shi ya sa dole ka ɗaure sukurori tamau, in ka bar su sako-sako ka yi asarar kuɗinka.

Inda ya burge ni shi ne baya bushewa. Da pest nake, zafin bazarar Kano na shigowa fanka za ta fara ihu kamar injin markaɗe, ka buɗe ka tarar ya ƙame kamar busasshen tuwo. Bana har Afrilu ya wuce ban kwance ta ba sai hure ƙura kawai.

Masu gyara ku kula, wutar lantarki tana bi ta cikin kabon, in gefensa ya taɓa ƙananan kayan kan bod, wato allon cikin kwamfutar, sai dai wani labarin. Shi ya sa ni ban yarda na sa shi a laftof ɗin kwastoma ba tukuna, gurin ya yi matsi da yawa.